Ɓarzajjiyar katantanwa ga kajin ƙwai: abin da na samu a wani shago na gefen Kasuwar Dole

A layin masu dusa da tunkuza, can gefen Kasuwar Dole ta Damagaram, akwai wani shagon abincin dabbobi da ya fara kawo ɓawon dodon koɗi daga kudancin Najeriya yana sayar wa masu kiwon kaji. Tun bazarar bara nake saye a wurinsa. Mata ƴan uwana masu kiwo sun yi ta tambayata, wasu a waya, wasu a gidan suna, ko kayan nan na da amfani ko kuwa wata sabuwar hanyar cin kuɗi ce kawai. Amsar ba ta shiga gaisuwar tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Ba zan kama sunan shagon ba, domin akwai ƙorafi cikin maganata, mai shagon kuma mutum ne da muke mutunci da shi.

Kaya iri uku yake ajiyewa. Akwai ɓawon da aka ɓarza, akwai wanda aka niƙa ya yi laushi, sai kuma wani gari mai duhu da yake kira haɗi, wanda ya ce ɓawo ne da kayan cikin dodon koɗin aka busar aka niƙa tare. Biyun farko kaya ne masu kyau, ina saye, kuma zan ci gaba da saye. Na ukun ban ba kajina ba, kuma a yadda yake zuwa yanzu ba na ba kowa shawara ya saya.

Manyan dodon koɗin da ake samun wannan ɓawo daga jikinsu ba sa rayuwa a ƙasarmu. Ruwan da muke samu a Damagaram bai fi wajen milimita 400 a shekara ba, su kuwa sai daji mai laima da ruɓaɓɓen ganye. A kudancin Najeriya da Benin da Gana da Kwaddibuwa nama ne mai daraja, ana tsinto shi a daji, ana kuma kiwonsa. Abin da ake ci bai fi kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba. Sauran ɓawo ne da kayan ciki da yauƙi, a da sai a jibge su bayan kasuwa ko bayan gidan abinci. Alhaji mai shagon ya ce wasu ne ke bi suna tarawa, su wanke, su shanya, su ɗura a buhu, a kawo Kano, daga can ya ɗauko ta hanyar Daura da Ɗan Barto da Matamai. Mu da muka san katantanwa a hannun yara suna murza ta a ƙasa tana juyi, ba mu taɓa zaton wata rana za a auna mana ita da kilo ba.

Kajin turawa masu ƙwai nake kiwo, wajen 150, a wani fili da na kewaye bayan gida ta hanyar Mirriya. Masu shayi da ƴan kantin unguwa su ne abokan cinikina. Duk mai wannan sana'a a garin nan ya san abin da Afrilu da Mayu suke yi mana. Zafi ya haura digiri 40, kaji su buɗe baki su saki fuka-fukai suna haki, su rage cin abinci, ƙwai ya ragu, wanda aka samu kuma ɓawonsa ya yi rauni. Ka ɗauka da yatsa biyu ya lotsa. Wani ma a leda yake fitowa, babu ɓawo sam, kajin su taru su fasa su shanye, daga nan kuma su koyi fasa mai lafiya. Mai shayi ba ya karɓar fasasshe da kuɗin mai kyau, ga kuma hanyar da mai kabu-kabu zai bi da kwali a bayansa.

Wani likitan dabbobi da ke zuwa yi mana rigakafi shi ya warware mini lissafin, kuma sai da na gane shi sannan na san abin da nake saye. Ɓawon ƙwai kusan gaba ɗayansa sinadarin kalsiyam ne haɗe da kabon, fiye da kashi 90 cikin 100. Kowane ƙwai yana fita da kimanin giram 2 na kalsiyam daga jikin kaza. Tun da ba duk abin da ta ci ne jiki ke ɗauka ba, tana bukatar wajen giram 4 a abincinta kowace rana. Masara da dawa da dusa kusan ba su da shi. Ɓawon katantanwa kuwa irin wannan sinadarin ne, kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya haura kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. A lokacin zafi matsalar biyu ce take haɗuwa: kaza ta ci kaɗan, ta samu kalsiyam kaɗan, sannan hakin da take yi yana fitar da iskar kabon daga jininta fiye da kima, alhali da ita ake gina ɓawon.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganar lokaci. Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma wajen awa 20 daga ciki a wurin yin ɓawo yake yin su, mafi yawa da dare. Da dare kuma kaza ba ta cin komai. In gari mai laushi kaɗai ta ci da safe, kafin magariba ya wuce ta hanji, sai jiki ya koma yana cirar kalsiyam daga ƙashinta. Shi ya sa za ka ga tsohuwar kaza mai yawan ƙwai ta gurgunce ta kasa tashi. Ɓarzajje kuwa yana zama a ƙundu, yana narkewa kaɗan-kaɗan har gari ya waye, kamar yadda mace mai tattali ke tsakurar hatsi daga rumbu har kaka ta zagayo. Nan ne darajar kayan shagon nan take. Ɓarzajjen nasa, in an tace shi, yana zuwa daidai girman da ake so, milimita 2 zuwa 4, wato kusan ƙwayar dawa.

Ni nake haɗa abincina da kaina: masara, dusar alkama, tunkuza, garin kifi, garin ƙashi, gishiri da haɗin bitamin na ƙananan ledoji. A kowane kilo 100 ina sa katantanwa kilo 8 zuwa 9, kashi biyu ɓarzajje, kashi ɗaya mai laushi. Kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana in lafiya lau, don haka kowace tana samun wajen giram 10 na ɓawon. A garke irin nawa buhu mai kilo 50 yana kai ni wata guda da ƴan kwanaki. Da bazara, da yake cinsu ya ragu, ina ƙara zuba ɗan ɓarzajje shi kaɗai a wani kasko bayan la'asar, wadda jikinta ke nema ta je ta tsattsaga. Abin sha'awa ne ka tsaya ka gani, da rana ba sa kula shi, amma rana na yin sanyi sai su yi masa caa.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. Cikin mako biyu ko makamancin haka na fara jin bambanci a hannu, ƙwan ya yi nauyi, in ka ƙwanƙwasa biyu sai ka ji ƙara mai tsauri. A da kullum sai na ware abin da ya kusa rabin kwali na fasassu da masu tsaga, yanzu ɗaiɗai nake samu, kuma mafi yawa daga tsofaffin kajin ne, waɗanda ƙwansu ya yi girma ɓawon bai ƙaru ba. Ba zan ɗora duka a kan katantanwa ba, domin a daidai lokacin na ƙara zana a kan kwanon rufin, na mayar da babban abinci sassafe da yamma, ina kuma canja musu ruwa da tsakar rana daga randa. Amma na yi waɗannan a shekarun baya ban ga ɓawo ya yi ƙarfi haka ba. Wani mai shayi da ke bakin tasha, wanda ya fi kowa tsanani wajen zaɓe, ya daina ɗaga ƙwaina yana haska shi a rana.

Yanzu ƙorafin farko: yashi. Buhunan ba ɗaya suke ba. Wani za ka samu fes, fari da ruwan ƙasa, ba ƙura. Wani kuma in ka kai gindin buhun sai ka ga rairayi ya kwanta, alamar a ƙasa aka shanya ɓawon aka share da tsintsiya aka kwashe duka. A ɓarzajje ido na gani, rariya kuma tana raba su. A mai laushi ne ake cutuwa, don yashi da gari sun zama ɗaya. Gwajin da likita ya nuna mini ba wuya: a ɗebi rabin ƙaramin cokali a zuba cikin rabin kofin binega. Zai yi ta kumfa. A bar shi ya kwana. Ɓawo na gaskiya narkewa yake yi, yashi kuwa yana nan kwance a ƙasan kofin. Na yi wannan a gaban Alhaji da garin wani buhu, washegari na koma muka duba tare.

"Hajiya, wallahi haka aka kawo mini shi, ban buɗe ba," in ji shi.

Na ce, "Na yarda, Alhaji. Amma kuɗin katantanwa na biya, rairayi kuwa ko a ƙofar gidana akwai shi."

Ya yi shiru, ya sa yaronsa ya auno mini kilo biyu ya ƙara mini. Wannan halin na yaba. Sai dai har yanzu ba ya gwada kaya kafin ya karɓa, mai saye ne zai yi wa kansa tsaro. Ni yanzu na rage sayen mai laushi, ina sayen ɓarzajje in tace, abin da ya zubo ƙasan rariya in bushe shi a faifai in yi amfani da shi a matsayin gari.

Na biyu, ɓarzar ba ta da tsari. Cikin buhu ɗaya za ka samu gutsattsari masu faɗin farce, masu kaifi, waɗanda kaza ba ta iya haɗiya, sai ta watsar da su. Dole a tsince a mayar turmi. Aiki ne da yarana ke yi da yamma, amma wanda ke da kaji dubu ba zai iya ba. Rariyar ƙarfe guda biyu, mai manyan ido da mai ƙanana, za su magance wannan tun a shago, kuma maƙeran garin nan suna iya yin su. Na kuma lura cewa ba duka ne ɓawon dodon koɗi ba, akan samu gutsuren wasu ɓawo na ruwa masu kauri da tudu-tudu. Wannan bai dame ni ba, sinadarin ɗaya ne, amma ya kamata a faɗa wa mai saye.

Na uku shi ne buhun kansa. Sau da yawa tsofaffin buhunan abincin kaji ne, da tambarin kamfani a jiki, wani har da busasshen kashin kaji manne. Wa ya san gonar da ya fito? Mu mutanen jihar nan ba mu manta cewa a Magariya aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Nijar a 2006 ba, kuma ta kan iyaka kaya ke shigo mana. Ni da nawa buhun nake zuwa a juye mini, in na kai gida kuma in baza ɓawon a kan tamfol ya sha rana yini guda kafin ya shiga ɗakin abinci. Nauyi dai ban taɓa kama shi da ragi ba. Sikelinsa a buɗe yake, yana barin ka duba da idonka.

Sai maganar haɗi, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. A takarda tunanin mai kyau ne. Kayan cikin dodon koɗi suna da sinadarin gina jiki da yawa, garin kifi kuma kullum tsada yake ƙarawa, ga shi shi ma ana cakuɗa shi da yashi da ƙaya. In za a samu abin da zai rage mana dogaro da kifi, wa zai ƙi? Amma kayan ciki ba ɓawo ba ne. Abu ne mai ruwa da maiƙo da yauƙi, yana fara ruɓewa cikin awoyi. Sai an tafasa shi sosai tun yana sabo, a tsane, a busar da sauri a kan abu mai tsabta har ya yi ƙarau, sannan a niƙa a rufe. In aka tsallake tafasawar, ƙwayar cuta irin salmonela tana iya rayuwa a cikinsa, ta shiga kaza, daga kaza ta shiga ƙwai, daga ƙwai ta shiga cikin ɗan mutum. In bushewar ba ta kai ba kuma hunhuna ta kama shi. Kudu kuwa ƙasar laima ce, shanya ba ta da sauƙi a can kamar nan.

Na sayi tiya guda don in gani. Ina kwance ledar wari ya buge ni, ba irin ƙarnin garin kifi mai kyau ba, wani wari mai hawa hanci. Garin ya dunƙule wuri-wuri, in ka murza sai ka ji danshi da maiƙo a yatsa, akwai kuma ƴan ƙwari baƙaƙe suna yawo. Na ɗaure na mayar.

Na tambaye shi, "Alhaji, an dafa wannan kafin a shanya?"

Ya ce, "To, Hajiya, sun ce suna dafawa."

"Ɓawo nawa ne a ciki, kayan ciki nawa?"

Ya ce wannan sai masu yi. To a nan matsalar take, ko da babu wari. Mai haɗa abinci da awo yake aiki. In ban san ko rabin garin ɓawo ne ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, ta yaya zan san abin da zan rage na kifi da abin da zan rage na katantanwa? In na ɗauke shi a matsayin kifi na zuba da yawa, kalsiyam ya yi yawa, sinadarin gina jiki ya gaza. Babu takarda a jikin buhun, babu ranar da aka yi shi, ga shi a jingine ƙarƙashin kwano cikin zafin Damagaram, inda maiƙo ke saurin lalacewa. Kuɗi bai mayar mini ba, ya ce ba ya mayar da kuɗin kayan da aka buɗe, amma ya musanya mini da ɓarzajje. Na roƙe shi ya daina tallata haɗin ga masu ƴan tsaki. Na ga ya janye buhun daga bakin ƙofa, amma in an tambaya yana sayarwa.

Akwai kuma wata magana da yaron shagon ke yawan faɗa wa masu saye, cewa wanda ya sa katantanwa ba ya bukatar garin ƙashi. Yaro ne mai ladabi, "Inna" yake ce mini, shi ke ɗaura mini kaya a kabu-kabu har ya gwada igiyar, amma a nan ya yi kuskure, kuma kuskuren na iya karya garke. Ɓawo kusan ba shi da sinadarin fosforas, ƙashi kuwa yana da shi. Kaza ba ta bukatar mai yawa, ƙasa da rabin giram a rana, amma in babu shi ƙashinta ba ya mayar da abin da ya bayar da dare. Haka bitamin D, in babu shi kalsiyam wucewa kawai zai yi ta hanji. Katantanwa gurbin abu ɗaya take cikewa. Sannan ba a ba ƴan tsaki da matasan kaji irin wannan awon. Su wajen kashi 1 cikin 100 na kalsiyam suke bukata, in aka ɗura musu na masu ƙwai ƙodarsu ce ke lalacewa. Sai sun kai mako 16 zuwa 17, dab da fara ƙwai, ake soma ƙara musu. Wanda kuma yake sayen haɗaɗɗen abincin kamfani na masu ƙwai, to akwai kalsiyam a ciki, kada ya zuba kilo 8 a kai. Ɗan kaskon yamma ya ishe shi.

Wata maƙwabciyata ta ƙi sayen ƙwaina na ɗan lokaci da ta ji abin da nake ba kajin, ta ce ƙazanta ce. Ban raina maganarta ba, don mu ba mu saba da cin dodon koɗi ba, rai kuma yana ƙyamar abin da bai sani ba. Na sa maigida ya tambayi malamin unguwarmu. Malam ya ce a mazhabarmu Imamu Malik ya kwatanta dodon koɗi da fara: wanda aka kama da rai aka dafa ko aka gasa babu laifi a ci, wanda aka tarar mushe ba a ci. Ya ce balle busasshen ɓawo wankakke da kaza za ta tsattsaga. Wanda bai natsu ba ya tambayi nasa malamin. Ni dai wannan amsa ta ƙara mini dalilin guje wa haɗin, tun da babu wanda zai iya gaya mini yadda aka samo kayan cikin.

Wani abu da nake so iyaye su ji: tun da labarin ya bazu cewa katantanwa na da kuɗi, na ji wasu na tura yara bakin tafki su tsinto ƙananan na ruwa. Kada a yi. Waɗannan ƙananan su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga jikin yaron da ya tsoma ƙafa cikin ruwan. Wasu irinsu kuma su ke yaɗa tsutsar hanta ga shanu da tumaki. Abin da yaro zai tara a yini bai kai kuɗin maganin fitsarin jini ba.

Na gwada mai laushin a kan raguna biyu da na turke don layya. Dalili kuwa, masu turka a garin nan dusa suke ɗurawa, dusar alkama kuma fosforas ɗinta ya ninka kalsiyam ɗinta sau da yawa. Wannan rashin daidaito yana cikin abubuwan da ke sa tsakuwa ta toshe wa rago hanyar fitsari, ka gan shi yana nishi yana harbin ciki ana saura kwanaki salla. Ana so kalsiyam ya ninka fosforas kamar sau biyu. Ina barbaɗa musu ɗan kaɗan, bai wuce kilo 1 zuwa 2 cikin kilo 100 na dusa ba, da gishiri da ruwa wadatacce. Sun ci ba su ƙi ba, sun kai salla lafiya. Raguna biyu ba hujja ba ce, kuma wanda yake ba da harawa da yawa bukatarsa kaɗan ce, don harawar wake tana da nata kalsiyam. Haɗin nan dai kada ya kusanci tumaki ko awaki.

Farashi yana bin naira. Mako guda ka saya da sauƙi, wani makon a ce canji ya motsa ko mota ta ƙara kuɗi. Duk da haka kilo ɗaya na ɓarzajje bai taɓa kai mini kuɗin kilon garin ƙashi ba, kuma abin da nake kashewa a buhu ƙwan da ya daina fashewa yana biyan sa tun wata bai raba ba. Alhaji yana ba da bashi ga wanda ya sani, yana rubutawa a littafi, ba ya kuma aiko yaro ƙofar gida. Abin da ke damuna shi ne yankewar kaya. Akan yi makonni babu, kuma ba ya sanar da kowa kafin ya ƙare, alhali lambobinmu duk suna wayarsa. Kaza kuwa ba ta jiran mota. Duk wanda ya yi kiwo lokacin da aka rufe iyakar Najeriya daga 2023 zuwa Maris na 2024 ya san abin da dogaro da hanya ɗaya ke jawowa. Saboda haka ina da abin riƙo: masu shayin da nake kai wa ƙwai suna tara mini ɓawon a leda, in tafasa shi, in shanya, in ɗan soya a kasko, in daka sama-sama yadda kaji ba za su gane siffar ƙwai ba. Ba ya isa shi kaɗai, amma yana riƙe ni kafin kaya su iso. Na kuma sha gaya wa Alhaji ya nemi hanyar dutsen farar ƙasa, tun da a ƙasarmu ma akwai shi, da shi ake yin siminti a Malbaza, in dai za a samu mai tsabta a ɓarza shi daidai bakin kaza. Ya ce zai tambaya.

Mai son zuwa ya guji ranar Alhamis, layin cike yake da amalanke da masu saukale, ba za ka samu sukunin buɗe buhu ba. A je da safe wata rana daban, a sa hannu har gindin buhun a ɗebo, a shinshina, a murza. Mai kyau ba shi da wari, ba ya manne wa hannu, yana ƙara kamar tsakuwa. In za a ajiye da yawa, a saya kafin ruwa ya sauka, domin kayan da ake shanyawa a kudu cikin damina su ne suka fi zuwa da danshi. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, a kuma raba su da wurin da ake ajiye tunkuza saboda ɓeraye.